Karatun Kula da Ma'aikata a Jami'a: Abin da Ya Kamata Ɗan Birni Ya Sani

Duk shekara idan lokacin cike takardar JAMB ya kama, akan yi ta shawara a gidajen cikin birni, daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Koki zuwa Gwale. In yaro ya ce likita yake so ya zama, ko lauya, ko injiniya, ba mai neman ƙarin bayani. Amma in ya ce fannin kula da ma'aikata zai karanta, wanda 'yan ofis ke taƙaitawa da HR, sai mahaifi ya yi jim, sannan ya ce, "To, in ka gama, wane aiki ke nan za ka yi?" Sau da yawa shi kansa yaron ba shi da amsa, a bakin wani ya ji sunan kwas ɗin. Tambayar uban kuwa tana kan hanya, domin shekara huɗu da kuɗin makaranta ba abin wasa ba ne.

Kowace ma'aikata, asibiti ce ko banki ko masana'antar robobi a Sharaɗa, abu uku take juyawa: kuɗi da kaya da mutane. Kuɗi na hannun akanta, kaya na hannun mai kula da sito. Mutane kuwa, tun daga ranar da aka ga ana buƙatar ƙarin hannu har ranar da ma'aikaci ya yi ritaya ko aka sallame shi, suna wuyan jami'in kula da ma'aikata. Shi zai rubuta irin aikin da ake da gurbinsa da irin mutumin da ya dace da shi, ya fitar da sanarwa, ya shirya tantancewa da intabiyu, ya ba da takardar kama aiki. Shi ke tsara matakan albashi da hutu da horo da ƙarin girma. In rigima ta tashi tsakanin ma'aikaci da na sama da shi, teburinsa take zuwa. In inji ya cinye wa lebura yatsa, shi zai bi masa diyya. In ƙungiyar ƙwadago ta ba da wa'adin yajin aiki, da shi za a zauna sulhu.

Bai kamata Bakano ya ji wannan aiki baƙo ba. Garin da ya yi ƙarnuka yana fatauci ba zai rasa dabarar riƙe mutane ba. Ayarin da ke tashi zuwa Gwanja neman goro yana da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki mai tara kuɗin da ake biya a garuruwan da aka ratsa. Kowa ya san aikinsa, ya san ladansa. Masu sana'a suna da sarakunansu, Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska, masu raba gardama da tsawata wa wanda ya ɓata sunan sana'a. A kasuwar Kurmi, wadda tarihi ya danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, tsarin maigida da yaransa ne ke tafiyar da ciniki har gobe. Uba zai kamo hannun ɗansa ya kai shi rumfar wani attajiri ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan, amana." Ba takarda, ba maganar albashi. Yaro zai fara da shara da aike da kwance dila. In aka ga hankalinsa a bar masa ciniki idan maigida ya tafi masallaci, daga baya a bar masa makullin sito, can kuma a fara tura shi Legas saro kaya. Cinsa da ɗinkin sallarsa na wuyan maigida, in aure ya zo shi ne kan gaba a hidima, ranar da ya ga yaro ya kawo ƙarfi kuma ya yaye shi da jari ya buɗe tasa rumfar. Ga ɗaukar aiki nan, ga horo, ga gwaji, ga ƙarin girma, har da abin da ya yi kama da garatuti. Da irin wannan riƙo Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya baza wakilai da yaran wakilai suna sayo masa gyaɗa a ƙauyuka har ya zama attajirin da ake kwatance da shi.

Ba na cikin masu raina wannan tsari. Ya tsamo mutanen da ba za su ƙirgu ba daga talauci, kuma ya yi abin da makarantu da yawa suka kasa, wato ya mayar da yaro mai dogaro da kansa. Sai dai ƙarfinsa a kan sanayya yake. Maigida ya san yaro, ya san ubansa, ya san unguwarsu, kunya tana tsare kowa. Da zarar ma'aikata sun kai ɗari biyu, an girke injina, ana aikin dare da na rana, ga Bayarabe ga Ibo ga Babarbare ga Bazabarme, mai masana'antar kuma wataƙila Kwara ne ko Ba'indiye ko ɗan Sin kamar yadda ake samu a Bompai da Challawa, to sanayya ta ƙare. Ko a rumfa ɗaya ma akwai raunin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba: komai ya rataya ga halin maigida. In mai tsoron Allah ne, yaro ya dace. In ba haka ba, mutum ya shekara goma sha biyar yana hidima, ranar da aka sami saɓani a ce ya ajiye makulli, ya fita da rigar jikinsa. Ko maigida ya rasu kafin ya yaye shi, magada su ce ba su san da wani alkawari ba. Karatun kula da ma'aikata, in aka tace shi, ƙoƙari ne na sa haƙƙin ma'aikaci da na mai ba da aiki su zama a rubuce, yadda ba za su mutu da mutuwar wani ko su sauya da fushinsa ba.

A matsayin fannin karatu, daga masana'antun Turai da Amurka ya taso. A 1911 Frederick Taylor ya fitar da littafinsa kan tsara aiki ta hanyar awo, inda ake riƙe agogo ana ƙirga motsin lebura. Tsakanin 1924 da 1932 aka yi bincike a masana'antar Hawthorne da ke kusa da Shikago, wanda ya jawo hankali ga cewa yadda ake mu'amala da ma'aikaci da irin zaman da yake yi da abokan aikinsa suna tasiri a ƙwazonsa, ba kuɗi kaɗai ba. A Najeriya, yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa ya yi fice a cikinsa, da harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu a 1949, sun nuna wa gwamnati da kamfanoni cewa sha'anin ma'aikata yana buƙatar masana. A 1968 aka kafa cibiyar ƙwararru ta wannan fanni, wadda aka sani da CIPM, kuma dokar 1992 ta ba ta ikon tsara sana'ar a faɗin ƙasa. Hedikwatarta na Ikeja a Legas.

Ina ake karanta shi? A nan ya kamata ɗalibi ya buɗe ido, domin sunan kwas ɗin ba ɗaya ba ne a ko'ina. Jami'ar Legas tana da sashe sukutum na dangantakar aiki da kula da ma'aikata, ana ba da digiri da wannan suna. A jami'o'i da yawa na Arewa kuwa, a cikin digirin gudanar da kasuwanci ko na gudanar da mulki ake koyar da shi, mutum ya zurfafa a cikinsa a shekarun ƙarshe ko a digiri na biyu. Ɗan birni ba sai ya yi nisa ba. Jami'ar Bayero ma a cikin birni aka haife ta: a 1960 ta fara da sunan Kwalejin Ahmadu Bello a harabar makarantar nazarin Larabci ta SAS, ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Tana da sashen gudanar da kasuwanci, ga kuma makarantar koyon kasuwanci ta Ɗangote, wadda tattaɓa-kunnen Ɗantata ya gina wa jami'ar, inda ake karatun gaba da digiri. Jami'ar jiha da aka kafa a 2012 da sunan Northwest tana da matsuguni a Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nassarawa. Akwai makarantar koyon gudanarwa ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ga mai son farawa da difloma, akwai jami'ar karatu daga gida ta NOUN ga wanda yake kasuwa ba zai iya barin rumfa ba, sannan ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta daɗe tana yaye jami'an mulki na Arewa. Kafin a cike komai, a duba kundin JAMB na shekarar a ga ainihin sunan kwas ɗin a jami'ar da ake so, a kuma tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da shi.

Sharuɗɗan shiga galibi su ne kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, yawanci da darasin Tattalin Arziki. A jarrabawar JAMB ma waɗannan ukun ne ginshiƙi, sai a ƙara ɗaya daga darussan kasuwanci ko zamantakewa. Karatun shekara huɗu ne. Mai difloma ko IJMB yakan shiga aji biyu kai tsaye.

Akwai masu zaɓen wannan fanni don gudun lissafi, suna zaton aikin iya magana da mutane ne kawai. Su sake shawara. Shekaru biyun farko da 'yan akanta da 'yan kasuwanci ake zama: ilimin lissafin kuɗi, tattalin arziki, ƙididdiga, dokar kasuwanci, da ɗan ilimin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa. Daga nan ne ake shiga yadda ake ɗaukar ma'aikata, tsara albashi, auna ƙwazo, horo, cinikin yarjejeniya da ƙungiyoyin ƙwadago, da lafiyar wurin aiki, a rufe da kundin bincike.

A ganina duk cikin darussan nan babu kamar dokar ƙwadago, kuma ita ce ɗalibai suka fi yi wa haddar jarrabawa su manta. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda take aiki tun shekarun 1970, ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya cika wata uku. Ta ƙayyade mafi ƙarancin sanarwar rabuwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Wanda ya yi wata goma sha biyu a jere yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. Mace mai ciki tana da mako goma sha biyu na hutun haihuwa, kuma in ta kai wata shida a wurin, ba za a biya ta ƙasa da rabin albashinta ba. Dokar ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis; manya da ƙwararru takardar yarjejeniyarsu ce ke magana. Mutum nawa ne a masana'antun Kano suka san suna da waɗannan haƙƙoƙi? Kuma masu gida nawa ne suka san ana bin su?

A ɗauki ƙarshen wata a ga aikin da ido. Ma'aikaci ne da albashinsa na asali da kuɗin gida da na mota suka kama naira 100,000. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga gare shi, naira 8,000 ke nan, kamfani ya ɗora kashi 10, wato 10,000. Wannan 18,000 dole ta shiga asusun fanshonsa cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Dokar ta kuma wajabta a yi masa inshorar rai da ta kai ninki uku na abin da yake samu a shekara, don iyalinsa in ta Allah ta kasance. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa kamfani ya riƙa zuba kashi 1 na jimillar albashi ga hukumar NSITF, wadda ke biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Akwai kuma kason asusun horar da ma'aikata na ITF mai hedikwata a Jos, ga harajin albashi da ake kai wa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. A sama da duk wannan ga mafi ƙarancin albashi, wanda ya tashi daga 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024, gwamnatin Kano ta sa nata 71,000. Wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba dokar mafi ƙarancin albashin ta ɗauke musu. Yanzu a ninka wannan lissafi sau ɗari uku, kowa da matakinsa, wani ya ci bashi, wani ya yi aikin ƙarin lokaci, wani ya kama aiki a tsakiyar wata. Kuskuren sifili ɗaya a nan gidan mutum ne zai kwana ba a ɗora tukunya ba. Abin takaici kuma, akwai wuraren da ake cire kuɗin fansho daga albashi ba a kai shi asusu, ma'aikaci bai sani ba sai ranar ritaya. Wanda ya fara sanin ana wannan cuta shi ne jami'in kula da ma'aikata.

Nan ne maganar ta bar takarda ta koma kan hali. A ce ana zargin direban kamfani da sayar da man mota. Mai kamfani ya kira jami'ar kula da ma'aikata cikin fushi: "Malama, a rubuta masa takardar kora, yau ɗin nan nake so ya bar min wuri." Wadda ta san aikinta za ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu. A ba shi takardar tuhuma ya ba da amsa a rubuce, mu duba littafin mai, mu ji ta bakin mai gadi. In ya tabbata, korar za ta tsaya ko a gaban alƙali." Ba ta hana Alhaji ikonsa ba, kare shi ta yi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga matsayinta zuwa babbar kotu kuma take da reshe a Kano, ta sha ci wa kamfanoni tarar kuɗi saboda korar da aka yi ba a saurari mutum ba. Malamar ta kuma kare direban, domin mai yiwuwa tankin ne ke yoyo. Amma faɗar wannan magana ga mai biyan ka albashi yana cikin fushi, ba a koyar da ita a aji.

Haka kuma ba a koyar da yadda za ka yi da alfarma, kuma ɗan birni ya fi kowa shan wannan wahala. Ranar da aka ji kai ne mai ɗaukar ma'aikata, zauren gidanku ya cika. Kawu zai aiko da takardun ɗansa, gwaggo za ta zo da kanta, mai unguwa zai yi maka waya. Gurbi uku ne, masu nema ɗari huɗu. In ka bi cancanta a ce ba ka da zumunci, in ka bi dangi ka cuci wanda ba shi da kowa, ka kuma cika ma'aikatar da mutanen da ba za ka iya tsawata musu ba. In an rage ma'aikata kuma, masu kamfani ne suka yanke, amma hannunka ne ke miƙa takardar, zomo kuwa ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mafita ɗaya da na sani ita ce ƙa'ida rubutacciya da kwamiti: a fitar da sharuɗɗa tun kafin a ga sunaye, mutum uku ko huɗu su ba da maki, yadda za ka iya duban kawu ka gaya masa gaskiya cewa ba a hannunka kaɗai abin yake ba. Mai tsegumi kuma ya nemi wata sana'a, domin za ka san albashin kowa, da ciwon da ya kai wani asibiti, da bashin da ke kan wani.

Littattafan da ake karantawa yawancinsu a Ingila da Amurka aka rubuta su, ba su san wasu abubuwan namu ba. Ma'aikaciyar da mijinta ya rasu za ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Yaya za a yi da aikinta da albashinta? Yaya za a tsara aikin dare a watan azumi, ko sallar Juma'a a masana'antar da injinta ba ya tsayawa, ba tare da an ɗora wa Kiristocin wurin nauyi su kaɗai ba? Wa zai riƙe aikin wanda ya tafi Hajji? Wanda ya yi karatun zaure yana da ƙari a nan, domin babin ijara a littattafan fikihu ya yi bayanin sharaɗin a san aiki a san lada tun kafin a fara, da wajabcin biya a kan kari. Attajirin da ba zai saurari lambar sashe na doka ba, sau da yawa zai saurari wannan.

Batun samun aiki, kada a ruɗi kowa. Ma'aikata mai mutum ɗari biyu tana iya wadatuwa da jami'i biyu ko uku, kuma ba masu wannan digiri kaɗai ke neman kujerar ba. Lauyoyi da masu digirin zamantakewa ma suna shiga. Masana'antun Kano da yawa, musamman masaƙu, sun durƙushe saboda rashin wuta da kayan waje masu araha. Bankuna da kamfanonin waya kuwa yawanci manyan ofisoshinsu na ma'aikata a Legas suke. Saura aikin gwamnati, a hukumar ɗaukar ma'aikata ko ofishin shugaban ma'aikata, inda yaƙi da ma'aikatan bogi ya sa gwamnatin tarayya ta fito da tsarin biyan albashi na IPPIS tun 2007. Sai ƙungiyoyin agaji, waɗanda ke neman mai Hausa da Turanci. Digiri shi kaɗai ba ya isa. Manyan wurare suna tambayar shaidar CIPM, wadda ake samu ta hanyar jarrabawa mataki-mataki, kuma suna gwada mutum a kan kwamfuta su ga ko ya iya jera albashi a Excel, ya iya rubuta wasiƙar da ba ta da harshen damo.

Inda nake ganin ƙofa ta fi buɗewa shi ne wurin da ɗalibai ba sa kallo: kasuwancin gida da ya girma ya fi ƙarfin idon mai shi. Makarantun kuɗi masu malamai sittin, asibitoci masu zaman kansu, injinan casar shinkafa, masu gidajen mai da rassa goma, dilolin Kantin Kwari da Singa da Dawanau masu yara da direbobi da 'yan dako a garuruwa daban-daban. Yawancinsu ba su da ko rajistar ma'aikata, kuma ba za su buga sanarwar neman jami'i ba, sai wanda ya je ya nuna musu amfaninsa. Ɗalibin da yake da kawu ko yaya mai irin wannan harka ya fara tun yana aji biyu, a lokacin hutu. Ya nemi izini ya buɗe littafi: sunan kowane yaro, ranar da ya fara, aikin da yake yi, abin da ake ba shi a mako ko a wata, wanda ya tsaya masa, da alkawarin da aka yi masa in akwai. A karanta wa kowa nasa da Hausa a gaban shaidu biyu, ya sa hannu, maigida ya sa. Rubutun ba zai wuce mako guda ba. Shawo kan maigida ya yarda a rubuta alkawarin yaye da shekarar da za a cika shi, wannan yana iya cin hutun gaba ɗaya.